Kafin Ka Jona Amfilifayar da Ka Haɗa da Hannunka

Yanzu matashi yana iya sayen kayan amfilifaya a ƙulle cikin leda ya haɗa da kansa: fanel, ayisi irin su TDA2030 ko LM1875, kafasita, rizista da 'yan wayoyi. Abin ba sabo ba ne. Tun 1947 kamfanin Heathkit na Amurka ya fara sayar da irin waɗannan kaya, sai dai nasa yana zuwa da littafin bayani mai kauri. Na yau kuwa sau da yawa takarda ɗaya ce ke biyo su, wani lokaci ma babu ko ita. Shi ya sa da yawa ke ƙona kayan tun ranar farko, wasu kuma su kai wa iyalinsu cuta gida ba su sani ba.

A fara da liƙin kansa. Lid ɗin da aka saba da shi kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma, yana narkewa tsakanin digiri 183 da 190. Marar dalma, wanda ya yaɗu tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006, sai zafi ya kai wajen digiri 217. In ƙarfen liƙinka mai saiti ne, sa shi tsakanin 320 da 350 ga mai dalma, ka ɗan ƙara ga marar dalma.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya narka lid a bakin ƙarfe, ya ɗauko ya ɗiga a kan ƙafar kayan. Daga nesa sai ka ce ya kama, alhali curi ne kawai ya zauna a sama. Abin da ake so shi ne bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar da zoben jan ƙarfen fanel a tare, sannan ka kawo lid ta ɗaya gefen, zafinsu ya narka shi ya malala da kansa. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Janye lid, sannan ka janye ƙarfen, kada ka hura, kada ka motsa ƙafar sai ya daskare. Liƙi mai kyau yana hawa ƙafar sumul kamar ƙaramar malfa. In kuwa ka daɗe da ƙarfen a wuri ɗaya, jan ƙarfen zai ɓamɓaro daga fanel, gyaransa kuma ya fi haɗin farko wuya. Mugun liƙi ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan wata ɗaya ko biyu, girgizar lasifika ta sassauta shi, sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, mai shi ya yi ta zargin ayisin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka nan a guji man liƙi mai asid na masu gyaran lagireto da masu haɗa famfo, domin yana cin jan ƙarfe a hankali. Lid ɗin kayan lantarki da ƙaronsa a ciki yake zuwa.

Hayaƙin da ke tashi na wannan ƙaron ne, ba na dalma ba, kuma yawan shaƙarsa na jawo asma. Buɗe taga, ka sa fanka ta kore shi daga fuskarka. Ita dalma ta hannu take bi zuwa baki. Na sha ganin masu gyara sun dafe waya da hannu ɗaya, ƙarfe a ɗayan, lid kuma a haƙori. Wannan ganganci ne. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya san ba abin wasa ba ce. Gaskiya ɗan abin da ke cikin lid bai kai wancan ba, amma jikin yaro ya fi na babba saurin shan dalma, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Kada ka yi aikin a kan tabarmar da yaro ke rarrafe. Tattara ɓurɓushin ka zubar, ka wanke hannu da sabulu kafin tuwo ko goro.

Kafasita mai siffar gwangwani tana da gaba da baya: zanen da ke jikinta na nuna ƙafar nagatif, doguwar ƙafar kuma ita ce fozitif. In ka juya ta, za ta kumbura ko ta fashe. Manyan cikinsu suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi, balle a amfilifaya mai bawul inda ake samun bolt 300 zuwa sama. Auna da mita kafin ka sa hannu, ka sauke wutar ta rizista, ba da sukundireba ba. Wani tarkon kuma: bayan TDA2030 haɗe yake da ƙafarsa ta nagatif, don haka in wutarka mai ɓangare biyu ce, sai ka sa takardar maika tsakaninsa da alminiyam ɗin sanyaya shi.

Gurnanin nan da ake ji a lasifika ko ba a kunna komai ba, yawanci laifin shimfiɗar wayoyi ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wayar shigar sauti tana kwasar wannan kaɗawar in ta kusanci taransifoma. Nisanta su, ka yi amfani da waya mai sulke gajera, ka murɗe wayoyin taransifoma biyu-biyu, wayoyin at kuma duk su haɗu a wuri guda maimakon a warwatsa su.

Duba rubutun taransifoma kafin komai. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, kayan da aka yi wa Amurka kuwa na 120 ne. Sa fiyus a wayar da ke ɗauke da wuta, wato ruwan ƙasa, ka ɗaure mai kore da rawaya a jikin akwatin ƙarfen da noti, ba da lid ba.

Ranar gwajin farko kada ka jona lasifikarka mai tsada. Haɗa kwan fitila na da, mai zare, kamar wat 60, a jere da wayar wuta, yadda wutar za ta bi ta cikinsa kafin ta isa amfilifaya. In ya haska ya dushe, da alama lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai wurin da wayoyi suka haɗe, sai ka kashe ka bincika. Bayan nan auna bakin fitar sauti da mita a ma'aunin DC. In lambar ta kusa sifiri, jona tsohuwar lasifika, ka fara da murya ƙasa-ƙasa.