Kwalliyar gira da gashin ido: yadda za ki kare idonki

Lokacin biki ko salla, mata a Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela suna sa kwalli, suna ja gira. Ado abu ne mai kyau. Amma fatar da ke kewaye da ido ba ta da kauri, kuma ba kowane abin ado ne ya dace da ita ba.

Rinin gashi da baƙin lalle

Lallen gargajiya ja yake yi. Wanda ke yin baƙi ƙirin nan take, sau da yawa an haɗa shi da wani sinadari mai suna PPD, wanda ake sa wa rinin gashin kai. Yana iya kawo ƙaiƙayi, kumburi da ƙuraje masu ruwa. Idan ya shiga ido, yana iya lalata gani. A Amurka, a shekarar 1933, wani rinin gashin ido mai wannan sinadari ya makantar da wata mata. Saboda haka kada ki sa rinin gashi ko baƙin lalle a gira ko a gashin ido. Jagira ta fi, domin ana wanke ta da ruwa.

Kwalli

Kwallin dutse mai ƙyalli yakan ƙunshi dalma. Dalma guba ce. Yaro yana murza ido, ya kai hannu baki, ya haɗiye ta. Tana taruwa a jiki, ta rage jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, karatu ya yi wa yaro wuya. Tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Kada ki sa wa jariri ko yaro kwalli. Idan kina da ciki, ki haƙura da shi.

Abin da za ki kiyaye

1. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido.
2. Kada ki yi aron tsinken kwalli, kada ki ba da aro. Ta nan ciwon ido yake yaɗuwa.
3. Sabon abin ado, ki shafa kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana 2. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki bar shi.
4. Kada ki yi kwalliya a ido mai ciwo.

Idan abu ya shiga ido

Kada ki murza. Ki yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kada ki ɗiga nono ko ruwan ganye. Ki je gidan likita mafi kusa a ranar, tare da kwalbar abin da kika shafa. Idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya da ke babban asibiti, kamar na Ƙonni ko na Galmi.