Kwamin Baftisma na East Meon: Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Dutse

A cocin All Saints da ke ƙauyen East Meon, a lardin Hampshire na kudancin Ingila, akwai wani kwami na baƙin dutse da Kiristoci ke zuba ruwan baftisma a ciki, wato wankan shigar da jariri cikin addininsu. Kwamin mai kusurwa huɗu ne. A ɓangarori biyu an sassaƙa ƙissar Annabi Adamu da Hauwa'u bisa ruwayar Attaura: halittarsu, cin 'ya'yan itaciya, fitar da su daga Aljanna, sannan Adamu yana koyon noma, Hauwa'u tana kaɗi. Ba a rubuta shekara a jikinsa ba. To, da wace hujja masana suka jingina shi ga tsakiyar ƙarni na 12?

Hujja ta farko ita ce dutsen kansa. Irinsa ake haƙowa a Tournai, a gaɓar kogin Scheldt cikin Beljiyam ta yau, inda a da ake sassaƙa kwamayen a yi jigilarsu ta ruwa. Bakwai daga cikinsu suna nan a Ingila, huɗu a Hampshire kaɗai.

Ta biyu ita ce ƙiyasi. Salon sassaƙarsa ya yi kama da na kwamin babban cocin Winchester, kuma duka biyun suna ɗauke da alamomin salon gini da sassaƙa na zamanin Normawa, kafin salon Gotik ya yaɗu.

Ta uku ita ce tarihin wurin. A wancan zamani East Meon na cikin mallakar bishop-bishop na Winchester, kuma Henry na Blois, ɗan'uwan Sarki Stephen, ya riƙe wannan muƙami daga 1129 zuwa 1171. Ya shahara da gine-gine da tara kayan fasaha, shi ya sa ake danganta shigo da kwamayen gare shi.

A nan ne mai nazari ya kamata ya yi hattara. Asalin dutsen tabbatacce ne, ƙarnin kuwa zato ne mai rinjaye, amma sunan Henry ƙarina ce kawai, ba nassi ba. Haka kuma shekarun coci ba sa yanke hukunci a kan shekarun kwaminsa, domin sau da yawa ana rushe gini a sabunta, a bar tsohon kwami a wurinsa. Wanda ya cakuɗa waɗannan matakai uku zai mayar da zato yaƙini, ya gadar wa na bayansa kuskure.