Hoton yaro amanarsa ce a hannunmu

Babu zamanin da aka ɗauki hotunan yara kamar wannan da muke ciki. Kafin a yi wa jariri huɗuba, hotonsa ya riga ya zaga zaurukan WhatsApp na dangi. Kafin ranar suna kuwa ya isa Facebook, inda mutanen da ba su san ko unguwar iyayensa ba suke ta yi masa addu'a. Ni da nake cin abinci da kyamara, kuma Allah Ya azurta ni da 'ya'ya, ina ganin lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu ko hoton yaro mallakin wane ne.

Ba na cikin masu cewa a daina ɗauka, domin na san darajar hoton iyali. A shekarar 1948 Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako, iyalai suka riƙa zuwa da 'ya'yansu cikin kwalliya. Yau waɗannan hotuna, tare da na Malick Sidibé wanda ya karɓi babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, suna cikin manyan shaidun yadda mutanen Mali suka rayu a wancan zamani. Mu ma a nan, wanda ya tashi a zamanin fim zai tuna hoton Sallah. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, a jira kwanaki kafin a wanke, sannan a jera su cikin albam, uwa ta adana a akwatinta. Ba mai ganinsu sai wanda ya yi sallama, aka ba shi wurin zama, aka miƙa masa albam ɗin da hannu. Wato a da hoto yana da ƙofa, kuma masu gida ne ke riƙe da makullinta.

Sana'ar ta koya mini cewa kyawun hoton yaro yana tafiya ne tare da mutunta shi. Wanda ya tsaya a tsaye ya ɗauki yaro daga sama, ƙoƙon kai da idanun tsoro zai samu. Sai ka durƙusa, idonka ya daidaita da nasa, sannan fuskarsa take sakewa. Hasken hantsi da na bayan La'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke sa yaro runtse ido, ya kuma zuba masa duhu a ƙarƙashin gira. Idan dole sai da rana, inuwar bishiya ko bakin zaure ta wadatar. Tsawar "yi dariya mana!" ba ta haifar da komai sai yaƙe, amma ka bar shi da ƙwallonsa ko kusa da kakarsa, dariyar za ta zo da kanta. Hatta alkunyarmu tana da gurbi a hoto. Uwar da ta kau da kai daga ɗan farinta, ta bar wa goggo ta riƙe shi, ba na tilasta mata, domin wannan kau da kan shi ma labarin gidan ne.

Matsalar tana farawa ne bayan an ɗauka. Hoton ranar farko a makaranta yana nuna kayan makaranta da bajonta, wani lokaci har da ƙofar gida da lambar mota. A ƙasar da garkuwa da mutane ta zama ruwan dare, wannan bayani ne da muke bayarwa kyauta. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda a yanzu take iya ɗora fuskar yaro a kan abin da baki ba zai iya faɗa ba. Ko an kauce wa miyagu, akwai shi kansa yaron. Bidiyon da aka ɗauke shi yana wanka, ko yana birgima yana kuka, yau abin dariya ne ga manya, gobe kuwa shi ne abin tsokanarsa a aji, kuma intanet ba ta mantuwa.

Dokoki sun fara farkawa. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanadi kare sirrin yaro. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Faransa ta ƙara gaba a 2024, inda ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton ɗansu, ta kuma ba alƙali ikon hana ɗayansu wallafawa idan suka saɓa. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida. Idan mai riƙe da wayar shi ne uban yaron, babu mai tsare shi sai tunaninsa.

Nauyin ya fi yawa a kan 'ya'yan da ba namu ba. A 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1994, duniya ta ɗauka yarinya ce, sai a 2011 wata jaridar Sifaniya ta gano iyalinsa, aka san namiji ne. Shekara 18 ana kallonsa ba a san ko shi wane ne ba. Haka muke yi wa almajirai da yaran sansanonin 'yan gudun hijira duk lokacin da muka jera su da kwano a hannu don nuna wa duniya alherinmu. Talauci bai cire wa yaro mutunci ba, kuma nisan iyayensa bai zama izini ba.

Ƙa'idata a gida da wurin aiki guda ce. Ba na ɗaukar yaro tsirara ko cikin wulaƙanci, ba na wallafa hoton ɗan wani ba da yardar iyayensa ba, kuma yaron da ya yi wayo ina tambayarsa, idan ya ce a'a, magana ta ƙare. Ga 'yan uwana iyaye kuwa, mu ɗauka da yawa, mu wallafa kaɗan. A duk shekara a zaɓi ko da hoto 20 ne a wanke, a rubuta suna da kwanan wata a bayansu, domin waya tana ɓacewa, tana faɗawa ruwa. Yaron nan zai girma ya nemi ganin ƙuruciyarsa, kuma ya cancanci ya same ta a akwatin mahaifiyarsa, shi ya zaɓi wanda zai nuna wa.