Malanta a Makarantar Kuɗi ta Jeka-ka-dawo a Amurka

A bakin titin Wisconsin da ke birnin Washington akwai wata makaranta mai suna Sidwell Friends, wadda wani malami, Thomas Sidwell, ya kafa a 1883. Duniya ta san ta ne saboda 'ya'yan shugabannin ƙasa. Chelsea Clinton ta gama a can a 1997, Malia Obama a 2016, ƙanwarta Sasha kuma a 2019. Sai dai ranar aiki da sassafe, waɗanda ake fara gani a ƙofa malamai ne, kowa da jaka cike da takardun ɗalibai da ya kwana yana dubawa. Sana'ar waɗannan mutane ce za mu bi, tun daga ranar da aka zaɓo yaro har ranar da aka miƙa shi jami'a.

Irin wannan makaranta Amurkawa suna kiranta mai cin gashin kanta. Gwamnati ba ta biyan malamanta, ba ta kuma tsara mata manhaja. Ba ta da mai ita da zai kwashe riba a ƙarshen shekara. Kwamitin amintattu ne ke riƙe da ita, shi ke naɗa shugaban makaranta, shugaban kuma ya ɗauki malamai. Ta jeka-ka-dawo ce, yaro ya zo da safe ya koma gidan iyayensa da yamma, kuma aikinta ɗaya ne da kowa ya sani: shirya ɗalibi shiga jami'a. Wasu daga cikin irin waɗannan makarantu sun girmi ƙasar kanta. Roxbury Latin ta Boston tun 1645 take, Trinity ta New York tun 1709. A 1925 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa iyaye 'yancin kai 'ya'yansu makarantar da ba ta gwamnati ba, kuma a yau ƙungiyar NAIS da ke haɗa kan irin waɗannan makarantu tana da mambobi fiye da 1,500. Duk da haka ɗalibansu 'yan tsiraru ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan yaran ƙasar.

Kuɗin shekara ɗaya a Sidwell ya haura dala 50,000, a manyan makarantun New York kuma ya wuce 60,000. Mai karatu zai tambaya, me ake saya da wannan maƙudan kuɗi? Akwai gine-gine da filayen wasa da ɗakunan gwaje-gwaje, amma ainihin hajar ita ce lokacin malami. A makarantar sakandaren gwamnati malami yakan ɗauki aji biyar a rana, kowane da yara ashirin da biyar zuwa talatin, ya tashi da ɗalibai sama da ɗari. A nan yawanci aji huɗu ne, kowane da yara goma sha biyu zuwa sha shida. Bambancin kamar na tela ne da ke auna kowane mai kaya ya yanka daidai jikinsa, da kuma wanda ke ɗinka riguna ɗari a gwaji guda ya kai kasuwa. Duka biyun aiki ne na halal, amma na farkon yana cin lokaci, shi ya sa yake da tsada.

Aikin yana farawa ne da zaɓen ɗalibai. Tun watan Satumba iyaye ke zuwa duba makaranta. Yaro zai rubuta jarrabawar shiga, galibi ISEE ko SSAT, a kawo sakamakonsa da shaidar malamansa na baya, a yi hira da shi, a yi da iyayensa, wani lokaci ya wuni a aji ana lura da yadda yake zama da yara. Ana rufe karɓar takardu wajen Janairu, amsa ta fito wajen Maris. Malamai da dama suna zama a kwamitin tantancewa, suna karanta fayil bayan fayil da yamma bayan an tashi. Kimanin ɗalibi ɗaya cikin huɗu ko biyar yana samun sassaucin kuɗi gwargwadon ƙarfin gidansu. Ƙofar ba ta kasance a buɗe ga kowa tun asali ba. Sidwell ba ta fara ɗaukar yaran baƙar fata ba sai 1956, alhali maƙwabciyarta Georgetown Day tun 1945 aka kafa ta don ta haɗa farare da baƙaƙe a aji ɗaya, ita ce ta farko a birnin. Daga baya ƙungiyoyi irin su A Better Chance, da aka kafa a 1963, suka riƙa zaƙulo haziƙan yara daga unguwannin talakawa suna sama musu gurbi.

Shi ma malamin sai an tace shi. A yawancin jihohi doka ba ta tilasta wa makarantar kuɗi neman lasisin koyarwa irin wanda makarantar gwamnati ke buƙata, saboda haka abin da ake dubawa shi ne zurfin mutum a fanninsa. Za ka tarar da mai digiri na uku a tarihi yana koyar da 'yan shekara sha biyar, ko tsohon injiniya ya koma koyar da lissafi. Ranar gwaji ana ba mai neman aiki aji na gaske, yaran da bai taɓa gani ba, ya koyar da darasi guda shugaban sashe na zaune a baya. Wasu makarantu har ra'ayin ɗaliban suke ji bayan ya fita. In ya dace, a ba shi kwantiragin shekara ɗaya, a riƙa sabunta shi duk shekara.

Ajin kansa ya bambanta da wanda muka saba. A darussan adabi da tarihi, makarantu da yawa sun ari tsarin da ya samo asali daga makarantar kwana ta Phillips Exeter, inda a 1930 attajiri Edward Harkness ya ba da kuɗi don a zaunar da yara kimanin goma sha biyu da malaminsu a kewayen babban teburi guda. Ba layin gaba, ba layin baya, ba inda yaro zai laɓe. Kowa ya karanto abin da aka ba shi jiya, yau a tattauna. Mai kallo daga waje zai ɗauka malamin hutawa yake yi, tunda yara ne ke ta magana. A gaskiya nan ne gwaninta take. Sai ya san littafin ciki da bai, ya shirya tambayar da za ta buɗe bakin yara, ya san lokacin da zai tsawata wa mai yawan surutu cikin hikima, da lokacin da zai jawo yarinyar da ke da amsa amma kunya ta hana ta. Wasu malaman suna zana taswirar teburin a takarda, suna ja layi daga mai magana zuwa mai amsawa, don su ga wanda aka bari a baya. Sabon malami yakan kasa jure shirun ajin, ya yi sauri ya ba da amsa da kansa. Wanda ya daɗe ya san cewa in ya ƙara haƙuri kaɗan, wani yaro zai yi magana.

Sai duba takardu, wanda shi ne nauyin da ba a gani. Malamin Ingilishi mai ɗalibai hamsin da biyar, idan kowane ya kawo rubutu mai shafi huɗu kuma ya ba kowane minti ashirin, ya ci sa'o'i goma sha takwas, kusan duk a gida, da dare da ranakun hutu. Maki kaɗai ba ya wadatarwa. Ana so ya rubuta a gefen takarda inda hujja ta yi rauni da inda jimla ta karye, sannan ya zauna da yaron su gyara tare. Ƙarshen zango kuma zai rubuta wa iyayen kowane ɗalibi sharhi na musamman, sakin layi guda ko biyu da ke nuna ya san ɗan nasu, ya san inda ya ci gaba da inda ya tsaya.

Bayan wannan kowane malami yana da wasu yara takwas ko goma da aka damƙa masa a matsayin mai kula da su. Shi ne zai fara lura idan yaro ya daina cin abinci ko makinsa ya faɗi, shi iyaye za su fara nema. Da yawa kuma da ƙarfe uku da rabi sai su sauya tufafi su fita fili horar da 'yan ƙwallo ko 'yan tsere, ko su kula da jaridar ɗalibai, ko ƙungiyar muhawara. A Sidwell, da yake makarantar mabiya ɗariƙar Quaker ce ta Kiristanci, duk mako malamai da ɗalibai suna taruwa su zauna shiru, ba mai wa'azi, wanda abu ya taso masa a zuci ya miƙe ya faɗa ya zauna. A Georgetown Day kuwa ɗalibai suna kiran malamansu da sunan yanka. Wannan zai yi wa kunnen Bahaushe nauyi, kuma ni ma ina ganin kalmar Malam tana da alfanun da bai kamata a yar ba, amma a can girman malami yana fitowa ne daga yadda ya riƙe aikinsa.

Ɗalibin ma ma'aikaci ne a wannan masana'anta. Yana shiga aji wajen ƙarfe takwas, ya tashi bayan uku, ya yi wasanni ko atisayen wasan kwaikwayo har kusan shida, ya koma gida ya tarar da aikin gida na sa'o'i uku ko fiye. Aji na 11, na kusa da ƙarshe a sakandare, shi ne mafi zafi, domin makinsa ne jami'o'i suka fi dubawa, kuma a lokacin ake fama da jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT. Yaron da ya shigo da tallafi yana da ƙarin kaya: doguwar tafiya a bas ko jirgin ƙasa daga wata unguwa, da zama cikin abokan da ke hutu a Turai alhali shi yana tunanin kuɗin littafi. Su ma 'ya'yan masu hali ba su tsira ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Suniya Luthar ta shafe shekaru tana nazarin ɗaliban makarantun da ake tsananin gasa, ta gano damuwa da shaye-shaye sun yi yawa a cikinsu fiye da yadda ake zato. A 2018 makarantu takwas na yankin Washington, har da Sidwell, suka sanar da cewa za su daina darussan AP, wato kwasa-kwasan matakin jami'a da ake jarrabawarsu a watan Mayu, suna cewa tseren gama manhaja yana hana zurfafa karatu.

Lokacin kai kaya kasuwa shi ne farkon aji na 12, ajin ƙarshe. Kowace makaranta tana da ofishin masu ba da shawara kan jami'a, inda mutum ɗaya ke riƙe da ɗalibai 'yan gomomi, alhali takwaransa a makarantar gwamnati yana iya riƙe ɗaruruwa. Ranar 1 ga Nuwamba ake rufe neman gurbi na gaggawa a manyan jami'o'i da yawa, na gama-gari kuma farkon Janairu. Kafin nan kowane ɗalibi yana buƙatar wasiƙar shaida daga malamai biyu, kuma malamin da yara ke so yakan rubuta ashirin ko fiye a cikin Oktoba, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wasiƙa mai kyau ba ta tsayawa a cewa yaro haziƙi ne mai ladabi, domin kowa haka ake rubuta masa. Tana kawo abin da ya faru: ranar da ya sauya ra'ayinsa a gaban aji saboda hujjar wani ta fi tasa, ko yadda ya sake rubuta maƙala sau uku ba wanda ya sa shi. Ba a iya rubuta irin wannan sai an san yaro, kuma ba a sanin yaro sai aji ya zama ƙarami. Ɗalibin galibi yana sa hannu cewa ba zai karanta wasiƙar ba, don jami'a ta yarda gaskiya aka faɗa.

A nan ne zuciyata ke rabuwa biyu. Jami'a irin Harvard tana ɗaukar ƙasa da biyar cikin ɗari na masu nema. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa 'ya'yan mafiya arziki sun fi 'ya'yan masu matsakaicin hali damar shiga irin waɗannan jami'o'i ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne, kuma daga cikin dalilan akwai kyakkyawar shaidar da ke fitowa daga makarantun kuɗi. Malamin bai yi ƙarya ba, aikinsa ya yi da kyau. Amma akwai yaro mai irin wannan ƙwazo a wata makaranta wanda malaminsa ke da ɗalibai ɗari da hamsin, ba shi da sa'a biyu da zai ba wasiƙa ɗaya. Wannan rashin daidaito yana damun malaman kansu, kuma ya kamata ya dame su.

Ina kuɗin ke tafiya? Fiye da rabin kasafin makaranta albashi ne da inshorar lafiya da fansho. Makarantun suna cewa kuɗin da iyaye ke biya ba ya rufe ɗawainiyar yaro, shi ya sa duk shekara ake neman gudummawa daga iyaye da tsofaffin ɗalibai, tsofaffin makarantu kuma suna da waƙafi da ake juyawa ana cin ribarsa. Duk da haka, a jimlace malaman makarantun kuɗi a Amurka albashinsu bai kai na takwarorinsu na gwamnati ba. Manyan makarantun birane sun fi biya, amma ko a can sabon malami yana iya samun albashin shekara da bai fi kuɗin makarantar yaro ɗaya da ke gabansa ba. Yawancinsu ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya musu. Haya a Washington da New York da San Francisco ta sa da yawa suna zama nesa, suna ɓata sa'a guda a hanya. Wasu makarantu suna rage wa 'ya'yan malamai kuɗi, wasu ragin bai isa ba, sai ka ga mai koyar da 'ya'yan wasu ya kai nasa makarantar gwamnati.

Akwai kuma iyaye. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu godiya. Amma wanda ya biya dala dubu hamsin wani lokaci yana ganin maki ma yana cikin abin da ya saya, sai saƙo ya iso wa malami da tsakar dare ana tambayar dalilin da ya sa yarinya ta sami makin B. Malamin da ya san kwantiraginsa na shekara ɗaya ne yana buƙatar ƙarfin hali kafin ya tsaya a kan makin da ya bayar, yana kuma buƙatar shugaban da zai mara masa baya.

Abin da ke riƙe malaman shi ne 'yancin tsara darasinsu da kansu, da yaran da suka zo a shirye, da abokan aiki masu son fanninsu. Ana bikin yaye ɗalibai a farkon Yuni. Hutun da ke biyo baya ya kai wata biyu da rabi, amma malamai da yawa ba sa zama: wasu su koyar a karatun hutu na makarantar, wasu su kula da sansanin yara, wasu su yi lesin a gidaje ana biyansu da awa, don cike giɓin haya kafin a koma aji a ƙarshen Agusta.