Matisse: Mai Zanen Da Ya Ajiye Burushi Ya Ɗauki Almakashi

A shekarar 1941 likitoci a ƙasar Faransa suka yi wa wani dattijo ɗan shekara 71 tiyata a ciki. Ya rayu, amma daga nan yawancin rayuwarsa ta koma kan gado da keken marasa lafiya. Dattijon shi ne Henri Matisse, ɗaya daga cikin manyan masu zane na ƙarni na 20. Doguwar tsayuwa gaban allon zane ta gagare shi, sai ya rungumi almakashi.

Ga yadda aikin yake. Mataimakansa su shafe manyan takardu da fenti, kowace takarda launi ɗaya. Shi kuma ya yanko ganye, ko tsuntsu, ko tauraro. Daga nan su kafe yankunan a bangon ɗakinsa da fil, yana nuna musu inda za su sa. Yanki guda yakan sha sauyin wuri kafin ya gamsu, sannan a manne.

A 1947 aka buga littafinsa mai suna Jazz, ɗauke da irin waɗannan hotuna guda 20. An buga su ne ta hanyar huda sura a jikin faifai a shafa fenti ta ramin, kamar yadda masu rubutun alluna ke buga lambar gida a bango.

Aikinsa da ya fi tsaya mini a rai shi ne Dodon Koɗi, wanda ya yi a 1953, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Tsawonsa da faɗinsa kowanne ya kusa mita 3, kuma yana gidan adana zane na Tate a Landan. Babu ido, babu ƙaho. Faffaɗan gutsattsarin takarda ne masu launi, jere a karkace kamar naɗin koɗi. Idonka zai bi su ya zagaya, sai ka ga dabbar da ba a zana ba.

Me ya haɗa wannan da mu? Duk wanda ya taɓa haɗa fosta a waya, ya yanko hoto ya ɗora kan wani, aikin Matisse yake yi, sai dai yatsa ne almakashinsa. Matsalarmu ita ce waya na ba mu komai kyauta, mu kuma mu zuba komai. Fostar farko da na haɗa wa ƙungiyarmu ta ɗalibai, launi bakwai na sa, da furanni, da taurari. Na yi ta alfahari, har wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ƙarfe nawa za a fara taron. Lokacin yana rubuce a jiki, ado ne ya binne shi.

To ƙannena, ga gwaji na ƙarshen mako. Ku nemo tsohuwar kalanda ko kwalin biskit, ku zaɓi launi uku kacal, ku yanko yanki biyar. Ku jera su a kan farar takarda su ba da surar zakara ko tulu. Kada ku yi saurin sa gam. Ku cire yanki ɗaya, ku kira ƙaramin yaro ku tambaye shi me ya gani. In ya gane, yankin da kuka cire dama ba shi da aiki. Ku sake cire wani, har sai ya kasa ganewa, sannan ku mayar da na ƙarshen ku manne.