Me Ya Sa Ake Cuɗa Garin Yashi A Rigar Wayar Lantarki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, mai gyaran wuta a Gusau, ya ce ya ji wai masana na zuba garin yashi cikin robar da ake lulluɓe wayar lantarki da ita. Shin gaskiya ne, ko kuwa algus ne irin na masu cuɗa hatsi da tsakuwa?

AMSA: To Malam, gaskiya ne, amma ba algus ba ne. Kai ma ka san aikin rigar waya shi ne tsare wuta kada ta bi inda ba a aike ta ba. A wayar ɗaki wannan ba wuya. A manyan wayoyin da ake binnewa a ƙasa ko a ƙarƙashin teku kuwa, da cikin manyan injuna, ƙarfin wuta yakan sami 'yar kafa ko ɗan datti a cikin robar, ya dinga cin ta sannu a hankali, yana yin rassa kamar saiwar bishiya. Ranar da saiwar ta huda, sai gobara ko duhu, ga asarar dukiya.

Dabarar da ake bincike a kanta ta yi kama da ta maginan gargajiya, masu zuba ramno a ƙasar gini don kada bango ya tsage. Sai dai nan abin da ake zubawa gari ne na silika, wato ainihin sinadarin yashi, ko na wani irin yumɓu, kuma ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin kanka ma kaurinsa ya kai nanomita dubu 50 ko fiye.

Farfesa T. J. Lewis na jami'ar Bangor a Birtaniya ne ya ja hankalin masana a 1994, ya nuna cewa sirrin yana wurin da ƙwayar ta haɗu da robar. In ka ƙara niƙa gari ya yi laushi sau dubu, fuskar da yake taɓa robar da ita ta ninku sau dubu ke nan. Shi ya sa kashi 1 zuwa 5 cikin 100 kan wadatar. A 2002 Keith Nelson da John Fothergill suka gwada, suka ga wuta ba ta taruwa a cikin irin wannan haɗin kamar yadda take yi idan garin mai tsaki ne. Saiwar nan ma, in ta ci karo da ƙwayoyin, dole ta yi ta kewaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen damawa. Garin yana son dunƙulewa, kuma duk matar da ta taɓa talge ta san gudaji. Gudaji ɗaya a cikin robar kan zama ita ce kafar da wutar ke nema, har a gwammace ba a zuba ba. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji, fitar da shi bai ɗaya a waya mai tsawon kilomita da yawa wani aiki ne daban, shi ya sa har yanzu ake ta bincike.

Saboda haka Malam, kada ka ce za ka gwada da yashin rafi a shagonka.