Lamunin Ɗalibai Da Makomar 'Ya'yan Talakawa A Bauchi

Garin Bauchi ba ya ƙarancin manyan makarantu. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da kuma ta jiha, wato Abubakar Tatari Ali. Sai dai ga ɗan ƙaramin ɗan kasuwa ko leburan da ke unguwa irin Fadaman Mada, wanda babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu, kuɗi ne babban shinge.

Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, ciki har da Bauchi. Amma samun gurbi ba ya biyan kuɗin rajista, wanda jami'o'i da dama suka ƙara a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur.

Don magance wannan ne aka kafa asusun lamunin ɗalibai na NELFUND a ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a watan Afrilun 2024. Dokar ta soke sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, wanda ke cikin dokar 2023. Lamunin ba shi da kuɗin ruwa. Asusun kan biya makaranta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibi Naira 20,000 duk wata don ɗawainiyarsa. Za a fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko ribar sana'a.

Abin lura shi ne, sai wanda ya riga ya sami gurbi ne ke iya neman lamunin. Kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, da na JAMB, da na koyon kwamfuta, galibi suna wuyan iyaye. A nan ne 'ya'yan talakawa da yawa ke tsayawa, tun kafin su kai ƙofar asusun.

Lamarin ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. A 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi a kan ribarsu, kuma masu ɗaukar ma'aikata ne za su riƙa cire kuɗin lamunin daga albashi. Hukumar lamunin ɗalibai da aka kafa a 1972 ta durƙushe ne saboda rashin biyan bashi. Ɗorewar sabon asusun ta dogara ga samun aikin yi ga waɗanda suka ci bashin, da kuma kamfanoni su riƙa mayar da abin da suka cire a kan lokaci.